Tweety da Kanarin Keji: Tambayoyi da Amsoshi

Tun ina saurayi nake kiwon kanari a gidanmu da ke Tudun Wada, Kaduna, yau kuma ga ni da 'ya'yan da suka buɗe ido da kallon katun a waya. Duk yaron unguwa da ya leƙo tsakar gidanmu ya hango keji a rataye, abin da ke fara fita daga bakinsa shi ne, "La, ga Tweety!" Iyayensu kuma in mun haɗu a ƙofar masallaci ko wajen mai shayi sai su tare ni da tambaya, wai yaro ya tasa su gaba sai an saya masa irin na katun. Tambayoyin da suka fi maimaituwa na tattara a nan, na yara da na manya. Ina son wannan ɗan tsuntsu na katun, ina kuma son na gaske, kuma na ga abin da ke faruwa idan yaro ya ɗauka ɗaya suke.

Wane ne Tweety?

Ɗan tsuntsu ne ruwan ɗorawa, mai ƙaton kai da manyan shuɗɗan idanu da fankama-fankaman ƙafafu, a cikin jerin katun ɗin barkwanci na kamfanin Warner Bros. na Amurka da ake kira Looney Tunes da Merrie Melodies. Kanari ne na gida. Yana zaune a keji a ɗakin wata tsohuwa da ake kira Granny, wato Kaka, yana lilo yana rera waƙa. A gidan ko a bayan taga akwai muzuru baƙi mai farin ciki da jan hanci, Sylvester, wanda ba shi da buri a duniya da ya wuce ya haɗiye shi. Wani lokaci akwai ƙaton kare, Hector, mai gadin tsuntsun. Labarin kusan kullum ɗaya ne: muzuru ya ƙulla dabara, dabarar ta juye a kansa.

Yaushe aka ƙirƙiro shi, kuma wa ya zana shi?

A watan Nuwamba na 1942 ya fara fitowa, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a wani gajeren katun mai suna A Tale of Two Kitties wanda Bob Clampett ya shirya. Ka ga ke nan ya girmi 'yancin kan Najeriya da shekara 18, ya kuma girmi gidan talabijin na farko a Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da shekara 20. Yaran da ke ce masa "ɗan jariri" suna magana ne a kan sa'an kakanninsu.

Wanda ya ga wannan fitowa ta farko ba lalle ya gane shi ba. Ba rawaya ba ne, ba kuma a keji yake ba. Ɗan tsuntsun daji ne da bai yi gashi ba, jajir, tsirara, kamar ɗan shilar da aka ƙyanƙyashe jiya, zaune a sheƙa can ƙololuwar sama, wasu muzurai biyu suna ta fafutukar kai masa hannu. Ba a ma ambaci sunansa a ciki ba; masu zanen a junansu Orson suke ce masa. Sai a katun na biyu, na 1944, aka raɗa masa sunan da muka sani. Kuma a hannun Clampett ba shi da imani ko kaɗan. Shi ne zai tsaya yana ɓamɓare yatsun muzuru ɗaya bayan ɗaya daga wayar da ya maƙale a jiki, yana wasa da su, har ya sake na ƙarshe muzurun ya faɗo.

To yaya aka yi ya koma rawaya, ya kuma shiga keji?

Abu biyu ne suka haɗu. Masu tace finafinai na Amurka a wancan zamani sun yi ƙorafin cewa tsuntsun ya yi kama da wanda ba ya sanye da komai, don haka aka lulluɓe shi da gashi ruwan ɗorawa. Sannan Clampett ya bar kamfanin, sai wani gwanin, Friz Freleng, ya karɓi tsuntsun. Shi ya ƙara masa kyan fuska, ya rage masa zafin hali, ya mai da shi na gida, ya kuma haɗa shi da muzurun da ya riga ya fito da shi tun 1945. Haɗuwarsu ta farko, Tweetie Pie, ta fito a 1947, ta kuma ci Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, wadda ita ce ta farko da sashen katun na Warner Bros. ya taɓa samu. A cikinta ma ba a kira muzurun Sylvester ba, Thomas aka ce masa. Tsohuwar ta shigo cikinsu a 1950. Bayan shekara goma da kyautar farko, a 1957, wani katun nasu, wanda a ciki muzurun ke fama ya daina cin tsuntsaye kamar yadda mashayi ke fama ya bar shaye-shaye, ya sake cin Oscar. A wurina wannan ne mafi kyawunsu duka, domin a nan ne aka nuna cewa muzurun ma yana shan wuya.

Namiji ne ko mace?

Namiji ne. Tsuntsu, ba tsuntsuwa ba. Wannan tambaya ta fi damun mu Hausawa, domin harshenmu ba ya bari ka wuce ba ka zaɓa ba: ko ka ce "ya tashi" ko ka ce "ta tashi". 'Yata ta daɗe tana cewa "ta", hujjarta kuwa zara-zaran gashin ido da siririyar murya, ga shi kuma hotonsa ya fi yawa a jakar makarantar 'yan mata da rigunan gwanjo na yara mata da ake zubewa a Kasuwar Barci. Amma masu shi namiji suka yi shi, gashin idon da muryar kuwa don ya yi kama da jariri ne. Ko a gaske ma, namijin kanari ne mai doguwar waƙa, macen sai ɗan tsiwa-tsiwa.

Haka shi ma abokin gabarsa. Muna cewa "kyanwa" ko "mage" mu mayar da shi mace, alhali muzuru ne.

Muzurun nan shi ne Tom na Tom da Jerry?

A'a. Tom toka-toka ne, ɓera yake bi, kusan ba ya magana, kuma na kamfanin MGM ne. William Hanna da Joseph Barbera suka fito da shi a 1940. Sylvester baƙi da fari ne, bakinsa ba ya shiru, in yana magana har yawu ke fesowa.

Me ya sa yake magana kamar yaron da bai iya ba?

Da gangan aka yi. Yana canza haruffa irin yadda ɗan shekara biyu zai ce "luwa" maimakon ruwa, ko "tintafa" maimakon shinkafa. Maganarsa da aka fi sani, wadda yake yi duk lokacin da ya hango muzuru, ma'anarta kawai ita ce, kamar fa na ga kyanwa, sai ya sake dubawa ya tabbatar wa kansa lalle ya gan ta. Daɗinta yana cikin gwarancin, shi ya sa in aka fassara ta da Hausa tsantsa sai armashinta ya zube. Wanda zai juya ta sai ya nemo gwarancin yaran Hausawa.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne mutum ɗaya ne ya yi muryar tsuntsun da ta muzurun a katun na da: Mel Blanc, wanda aka haifa a 1908 ya rasu a 1989. Shi ne kuma ya yi muryar zomon katun, Bugs Bunny, da agwagwa, Daffy Duck. Yakan yi maganar Tweety, sai a ƙara wa faifan sauri don muryar ta sirance. Muryar tsohuwar kuwa June Foray ce ta riƙe ta tun daga 1955, shekaru masu yawa, ta rasu a 2017 tana da shekara 99.

Tun asali shirin talabijin ne?

Don sinima aka fara yin su. Gajeru ne, kowanne kamar minti bakwai, ana haska su kafin babban fim, masu kallo kuwa har da manya. Tsakanin 1942 da 1964 Tweety ya fito a irin waɗannan sama da 40. Tun a shekarun 1950 aka fara tattara katun ɗin kamfanin ana sa su a talabijin a Amurka, daga nan suka bazu duniya. An yi wani shiri da ke ɗauke da sunansa tare da na Bugs Bunny daga 1986 har zuwa 2000.

Wanda aka yi musamman don talabijin shi ne The Sylvester & Tweety Mysteries, da ya fara a 1995, kashi 52. A nan tsohuwar ta zama mai binciken laifuka, tana yawo ƙasa-ƙasa da tsuntsunta da muzurunta da karenta, muzurun kuma bai fasa halinsa ba ko ana tsakiyar bincike. Joe Alaskey ne ya yi muryar su biyun a wannan shiri. An sake dawo da su a 2011 a wani salo na zaman unguwa, sannan a 2020 aka koma salon gajeru irin na da.

Ni dai a kaset ɗin bidiyo na fara ganinsa, a falon wani maƙwabcinmu, mu kusan goma sha a kan tabarma, ba mai jin Turancin a cikinmu, amma ba wanda dariya ta wuce shi.

Ta yaya suka sa zane yake motsi tun ba kwamfuta?

Da hannu, takarda bayan takarda. Fim yana gudu ne da hoto 24 a kowane sakan. Ko da an nuna kowane zane sau biyu, ana bukatar 12 a sakan, minti bakwai kuwa sakan 420 ne, ka ga zane ya kai dubu biyar. Ana kwafe kowanne a kan wata leda mai garai-garai, a shafa launi ta bayanta, a ɗora a kan hoton ɗaki ko titi, a ɗauka. Sannan makaɗa su bi kowane taku da kiɗa. Freleng ya yi suna wajen daidaita motsi da kiɗa. Ka lura da yadda muzurun ke sanɗa a kan yatsu, kowane taku da sautinsa. Rabin dariyar a nan take.

Tsuntsun ne mai gaskiya, muzurun kuma mugu?

Nan ne nake rabuwa da yawancin masu kallo. Wanda ya taso da tatsuniyar Gizo da Kura ya san wannan gini: ƙarami mai wayo, babba mai kwaɗayi da gajeren tunani. Kuma duk mun san Gizo ba waliyyi ba ne. Haka Tweety. Idanun nan na tausayi makami ne. Ya san sarai in ya ƙwala ihu tsohuwa za ta taho da tsintsiya ko lema, ya san inda kare yake kwance, yakan kuma miƙa wa muzurun nakiya da fuskar marar laifi, bayan ta tashi ya ce wayyo, kyanwa ta faɗi.

Shi kuwa Sylvester yunwa yake ji. A katun da dama za ka gan shi yana tonon bola kafin ya hango keji a taga. Abin da aka halicce shi a kai yake yi. Ban taɓa ganin muzurun da ya kama tsuntsu don ƙeta ba. In da mai laifi a gidan nan, ni tsohuwar nake gani: ita ta tara kanari da muzuru da kare a ɗaki ɗaya, ta sa ƙafa ta fita. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nakan faɗa wa 'ya'yana haka in muna kallo, don kada su tashi da ƙin kyanwa.

Ya dace yara su kalla?

Ina barin nawa su kalla, amma ina kusa. Babu batsa a ciki, sai dai akwai duka iri-iri: guduma, nakiya, faɗowa daga bene, ƙaton ƙarfe a ka. Muzurun zai baje kamar waina, bayan sakan biyu ya miƙe garau. Babba ya san wasa ne. Ɗan shekara huɗu bai gama rarrabewa ba. Na taɓa iske wasu yara a lungunmu sun rutsa 'yar kyanwa a bayan tukunyar ruwa da sanda, suna kiran sunan Sylvester suna dariya. Ba mugayen yara ba ne, sun ɗauka za ta miƙe ne kamar yadda suka saba gani. Na zaunar da su na ba su labarin matar da Manzon Allah (SAW) ya ce ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Jikinsu ya yi sanyi. Magana ɗaya daga babba a lokacin kallo ta fi hana kallon gaba ɗaya amfani, domin in ka hana a gida zai gani a wayar maƙwabta.

Akwai tsuntsu irinsa a gaske? Shi ne kanarin da ake sayarwa a nan?

Akwai kanari, amma babu mai kai irin nasa. Asalin kanarin Turai daga Tsibiran Kanari yake, waɗanda ke cikin teku yamma da Maroko, ƙarƙashin mulkin Sifen, da kuma tsibiran Madeira da Azores. Daga sunan tsibiran ya samo nasa. Na dajin can kore-kore ne mai ratsin ƙasa-ƙasa. Turawa ne suka ɗauke shi suka yi ta kiwo ɗaruruwan shekaru suna zaɓen launi, har aka samu rawaya tas irin ta Tweety. Irin wannan a keji ake haifarsa, a keji yake mutuwa, bai san daji ba.

Namu na nan ɗan'uwansa ne, amma daban. Ya ɗan fi ƙanƙanta, ƙirjinsa da goshinsa rawaya, bayansa kore mai toka-toka, da baƙin layi ta gefen ido da gefen baki kamar an zizara masa kwalli. Yana nan a dazuzzuka da gonakin Arewa, kuma mafi yawan waɗanda ake yawo da su a keji kamo su aka yi. Wanda ya yi yarinta a nan ya san kejin kara mai ɗaki biyu: a sa mai kuka a ƙasa, a buɗe ƙofar tarko a sama da ɗan gero, a rataye a reshe. Na sama ya ji kukan ɗan'uwansa ya sauko, ƙofa ta rufe. Na yi wannan da hannuna ina yaro. Yau ba na yi, domin na ga yadda sabon kamu ke dukan keji da ƙirji har goshinsa ya ɗaye, kuma da yawa ba sa kai mako. In za ka saya, nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gida ko wanda ya daɗe a hannu ya saba.

Yarona ya nace sai na saya masa. In saya? Ya ma halatta a tsare tsuntsu?

Malamai da dama sun halatta, da sharaɗin ci da sha da kulawa. Hujjar da suka fi kawowa ita ce hadisin Anas ɗan Malik game da ƙanensa, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) kuma yakan tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Ba a ce ya sake shi ba. Amma hadisin kyanwar nan da na ambata yana tsaye a ɗaya gefen, kuma bai tsaya a kan kyanwa kaɗai ba.

Saboda haka tambayar da nake mayar wa uba ita ce: Malam, kai za ka iya? Domin kai za ka yi kiwon, ba yaron ba. Ɗokin yaro mako biyu ne. Kanari kuwa in ya samu kulawa yana kai shekara goma. Ruwa kullum, abinci kullum, share keji, ko ana biki ko ana makoki, ko kun tafi ƙauye hutun Sallah. Tsuntsu ne da nauyinsa bai fi giram 20 ba, ba ya jure yunwar yini guda kamar kaza. In ka san gidanku ba mai wannan natsuwar, saya masa 'yar tsanar Tweety, ka kawo shi wurin masu kiwo ya riƙa gani.

Ka kuma gaya masa tun wuri cewa kanari ba ya son a riƙe shi. Na ido da kunne ne. Yaron da ke jiran tsuntsun da zai hau kafaɗarsa ya yi masa hira zai sha takaici, daga takaici kuma sai a fara zungurar keji da tsinke.

Me yake ci, kuma ina ya kamata a rataye kejin?

Gero da acca su ne ginshiƙi a nan, acca ma ta fi masa daɗin ɓarewa saboda ƙanƙantarta, ga ta kuma ba ta wuyar samu a Kaduna. Ina ƙara ɗan riɗi kaɗan, da ganyen latas ko alayyafo da aka wanke sosai, da ɗan dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako, da ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka. Ka riƙa hure ƙaiƙayin da ke saman kwanon, domin yana ɓare ƙwaya ya bar ɓawon a wurin. Sai ka ga kwano cike alhali ba komai a ciki. Wannan kaɗai ya kashe tsuntsaye da yawa. Kada a ba shi abu mai gishiri, ko cakulan, ko piya.

Keji ya zama mai faɗi, yadda zai yi tsalle ya buɗe fiffike daga sanda zuwa sanda. Zagayayyen keji mai tsini irin na katun kyan gani kawai gare shi. A rataye shi sama, nesa da katanga da taga da duk abin da kyanwa za ta taka, inda hantsi ke taɓawa amma rana ba ta zama. A zafin Maris da Afrilu a sa masa faffaɗan murfi da ruwa ya yi wanka, za ka ga farin ciki da idonka. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Janairu, a shigar da shi daga iska, a rufa wa kejin zane da dare.

Me ya fi kashe kanari a gidajenmu?

Hayaƙi. Wannan amsar da tsada na saye ta.

Wani dare cikin Agusta hadari ya taso da iska mai ƙarfi, na ciro kejin daga baranda na shigar da shi ɗaki don kada ruwa ya dake shi. Sauro ya dame mu, na kunna maganin sauro mai hayaƙi, na rufe taga, muka kwanta. Tsuntsun nan shekararsa huɗu a hannuna, shi ke tashe mu da asuba tun kafin ladan ya yi kira na biyu. Ran nan ba mu ji shi ba. Na ɗaga zanen na same shi a ƙasan keji, a gefen kwanon acca, ƙafafunsa a dunƙule, idonsa rabi a buɗe. Ƙaramar 'yata, tana da shekara biyar a lokacin, ta tsuguna kusa da ni ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Baba, ai zai tashi ko? Na katun ma yana tashi." Na ce mata, "A'a, uwata, wannan ba zai tashi ba." Muka haƙa ɗan rami a gindin bishiyar gwaiba muka binne shi tare. Ta yi kwana uku tana zuwa duba wurin.

Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne. Bayan huhu yana da wasu jakunkunan iska a cikin jiki, iskar tana ratsa huhunsa ko yana shaƙa ko yana fitarwa, ga jikin ƙarami, ga bugun zuciya da sauri. Gubar da mutum zai shaƙa ya ji ɗan ciwon kai, shi ta gama da shi. Saboda wannan ne masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari a keji: in ya faɗi, sun san iskar ta ɓaci, sai su fito da gudu. Sai a 1986 aka daina, aka koma na'ura. To ka duba gidajenmu: hayaƙin janareta, gawayi a ɗaki lokacin sanyi, fiya-fiya, maganin sauro na fesawa, turaren wuta, har da kaskon suya irin wanda abinci ba ya kamawa in ya yi zafi fiye da kima. Duk ɗakin da za a yi ɗaya daga cikin waɗannan, a fitar da keji tukuna, kada a mayar sai iska ta wanke ɗakin.

Muna da kyanwa a gida. Za su iya zama tare kamar na katun?

Kyanwar gaske ba ta kuskure irin na Sylvester. Ba ta gina tsani, ba ta sa kayan ɓad-da-kama. Kwanciya take yi ta lumshe ido kamar ba ruwanta, kwanciyar ɗaukar rai, sai ta ga ba kowa ta zura hannu ta tsakanin wayoyin keji, sau ɗaya tak. Ko ba ta kama shi ba, yakushi kaɗan ya isa, domin a bakinta da faratanta akwai ƙwayoyin cuta da ke kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu. In hakan ta faru, a garzaya wurin likitan dabbobi a ranar, kada a ce ai ciwon ƙarami ne. Firgita kaɗai ma takan sa ya daina ci. Kada ka ce taku kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi. A gaban tsuntsu babu kyanwar Lami. Kuma ba ita kaɗai ba, ɓera da gafiya na hawa keji da dare. In dole sai an haɗa su a gida ɗaya, to tsuntsu ya samu ɗakin da ake rufewa, ita kuma a ƙosar da ita, kada a dake ta don ta kalli keji.

Zai koyi magana?

Kanari ba ya magana, waƙa yake yi, ƙaramin namiji kuma yana koyonta ne daga bakin manya da yake ji. Mai magana shi ne aku, toka-toka mai jan wutsiya. Amma shi wani babban nauyi ne: yana iya haura shekara 40, yana bukatar hira kullum, in aka yi watsi da shi sai ya riƙa fige gashin jikinsa. Ga shi kamun da ake yi masa ya rage shi ƙwarai a daji, har a 2016, a taron yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji (CITES) da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ba tsuntsun da za a saya wa yaro don katun ba ne.

Namu ya daina kuka. Ba shi da lafiya ne?

Duba ƙasan kejin. In ka ga gashi yana zuba, shi kuma yana ci yana tsalle, to sauya gashi yake yi. Sau ɗaya a shekara ne, yana ɗaukar kamar wata biyu, kuma a lokacin yakan yi shiru. Ƙara masa ƙwai, ka bar shi ya huta. Amma in ya kumbura gashinsa ya takure, yana barci da rana, wutsiyarsa na motsi da kowane numfashi, ko ya sauko ƙasa ya zauna, wannan ciwo ne, kuma tsuntsu ba ya nuna ciwo sai ya yi nisa. Wani lokaci kuma mace aka sayar maka a matsayin namiji. Shi ya sa ba na sayen kanari sai na tsaya na ji kukansa da kunnena, ko da mai shi zai ce, "Alhaji, wallahi da safe ya yi."

In mun gaji da shi, mu buɗe keji mu sake shi?

Ya danganta da wane iri ne. Rawaya tas ɗin nan da aka haifa a keji bai san neman abinci ba, bai san shaho ba, launinsa kuma yana tona masa asiri daga nesa. Sakinsa a tsakiyar Tudun Wada ko Rigasa kashe shi ne. Nemi mai kiwo ka ba shi, ba za ka rasa mai karɓa ba.

Namu na nan da aka kamo bai daɗe ba, wanda har yanzu yake dukan keji, shi kam a mayar da shi. Amma ba a cikin gari ba, ba kuma da rani ba. A bari sai ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ciyawa ta yi 'ya'ya gero kuma ya nuna, a fita da shi bayan gari inda ake jin kukan irinsa, da sassafe. Haka muka yi da wani da aka kawo wa ɗana kyauta bara. Mun bi hanyar Zariya har muka wuce gidaje, muka tsaya a bakin wata gona, na ɗora kejin a kan kututture na buɗe ƙofar, muka ja da baya. Ya fi minti biyar bai fito ba. Da ya fito ma bai yi nisa ba, ya sauka a kan zangarniyar gero mafi kusa ya fara ci.